Kura da shan bugu: Jimmy Peters da kofin Honorabul na garinmu

1/ Jama'a, zare ne mai tsawo, ku gyara zama. Tun babbar Sallar bara nake haɗiye wannan maganar. Jiya a wani guruf na 'yan yankinmu na Bukkuyum wani ya kira yaran ƙwallon garinmu "mayunwata", don sun ce ba za su buga kofin bana ba sai an yi maganar kuɗi. To ni ma yau maganar kuɗin zan yi.

2/ Ni ɗan Gwashi ne, karatu ya kai ni Sakkwato. Ban taɓa buga wa kulob ɗin garinmu ba, Allah bai ba ƙafata wannan baiwar ba, amma na yi shekaru ina ɗaukar musu jarkar ruwa. Na san mai wanke jesi, na san mai aron but ranar wasa. Don haka kada wani ya ce daga ɗakin kwanan ɗalibai nake hasashe.

3/ Akwai ɗan Baffana, shekararsa 19, ɗan gaba ne. Da damina ƙodago yake yi a gonakin mutane, da rani ya bi abokansa wuraren haƙar zinari ta wajen Anka. Abin da ya samo ranar, shi ake dafawa a gidansu da dare. Ku riƙe wannan, don duk maganar a kansa take.

4/ Bara wani Honorabul ya sa kofi da Sallah. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba shi kaɗai ke yi ba. A wasan kusa da na ƙarshe aka taka yaron nan, ƙashin ƙaurinsa ya karye. A kan babur aka kai shi wurin mai ɗori, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da ƙafar. Aka ci gaba da wasa.

5/ Ruwa ya riga ya sauka lokacin. Shuka ta wuce shi, noman farko ya wuce shi, maimai ya wuce shi, yana kwance a zaure. Baffa ya sayar da awaki biyu. Da ya je wurin shugaban kwamitin gasar ya ce, "Alhaji, yaron ga wurin wasanku yak karye, mi za ku yi mai?" sai aka ce masa: "Haƙuri za a yi, Malam. Wasan zumunci na, ba aiki munka ɗauke shi ba."

6/ Wannan amsar ta tsaya mini a wuya wata da watanni. Sai a zangon karatun da ya wuce, ina karance-karance kan tarihin ma'aikata a Ingila, na ci karo da ita sak, a bakin Turawa, sama da shekara 100 da suka wuce. Kuma ba a ƙwallon ƙafa ba, a wasan zari-ruga.

7/ Ga waɗanda ba su san shi ba: shi ne wasan nan mai ƙwallo kamar ƙwai, ana ɗauka da hannu a ruga, a kama mutum a kayar. A makarantun 'ya'yan masu hali na Ingila ya girma. A 1871 suka kafa hukumarsa, RFU. Lauyoyi, likitoci, 'ya'yan attajirai, su ne 'yan wasan, su ne shugabannin.

8/ Sai wasan ya shiga arewacin Ingila, yankunan Yorkshire da Lancashire, inda masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙu suke. Talakawan nan suka karɓe shi da hannu biyu, suka iya shi, har suka fara lallasa masu shi. Dubban mutane na biyan kuɗin ƙofa don kallonsu.

9/ Matsalar ita ce ranar Asabar ake wasa, su kuma har Asabar da safe suna bakin aiki. In wasan a wani gari ne, dole mutum ya bar aikin ranar, a yanke masa lada. Ɗan lauya bai san wannan ciwon ba. Mai haƙar kwal ya sani, don shi kuɗin burodin 'ya'yansa ne.

10/ Kulob-kulob ɗin arewa suka ce: ba albashi muke nema ba, a bar mu mu mayar wa ɗan wasa ladan aikin da ya rasa, shi ke nan. A taron hukumar na 1893 aka kaɗa ƙuri'a, 282 suka ƙi, 136 suka yarda. Hujjar masu ƙi: wasa don so ake yinsa, kuɗi zai ɓata shi. Kun ji fa, wasan zumunci ne.

11/ Ranar 29 ga Agusta 1895 wakilan kulob-kulob ɗin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle. Kulob 22 suka fara sabuwar ƙungiyar, suka ce a ba ɗan wasa har sule shida in ya rasa aikin yini. Sule shida, jama'a! A kan wannan wasa ɗaya ya rabu biyu har yau: mai mutum 15 da mai mutum 13, wanda daga baya ya zama League.

12/ Hukumar ta mayar da martani da mugun hukunci. Duk wanda ya buga wa 'yan ɓallewa, an kore shi har abada. Wannan dokar ta yi shekara 100 cur tana aiki, sai a 1995 suka yarda a biya 'yan wasa a fili.

13/ Yanzu ga mutumin da ya sa na buɗe zaren nan: James Peters, ana ce masa Jimmy. An haife shi a Salford a 1879. Mahaifinsa baƙar fata ne ɗan Jamaika, mahaifiyarsa Baturiya. Uban yana aiki da masu yawon wasa da namun daji, irin gardawanmu amma na Turai, kuma zakuna ne suka kashe shi a cikin keji.

14/ Yaron ya tashi yana wasan hawan doki ba sirdi a gaban 'yan kallo. Yana ɗan shekara 11 ya karya hannu, masu wasan suka watsar da shi tun da ba shi da sauran amfani. Gidan marayu a Landan ne ya ɗauke shi. Nan ya koyi sana'a, nan ya fara guje-guje da wasanni.

15/ Ku lura, tun yana yaro ya san yadda abin yake: ana tafa maka kana kan doki, ranar da ƙashi ya karye kowa ya kama gabansa. Da na karanta wannan wurin wallahi zauren Baffa na gani.

16/ Kafinta ya zama. Ya buga wa Bristol daga 1900 zuwa 1902, sannan ya koma Plymouth, yana aiki a ma'aikatar jiragen ruwa yana buga wa kulob ɗin garin da kuma gundumar Devon. A tsakiya yake bugawa, wurin mai raba ƙwallo, wanda duk wasan ta hannunsa yake bi. Kamar lamba 10 a wurinmu.

17/ A 1906 Devon ta ci gasar gundumomi da shi. Ranar 17 ga Maris na shekarar ya sa rigar Ingila a wasa da Scotland, Ingila ta ci 9 da 3. Shi ne baƙar fata na farko da ya buga wa Ingila zari-ruga. Bayan kwana biyar suka je Paris suka doke Faransa 35 da 8, har da cinsa a ciki.

18/ Bari in ɗan ratse. A wannan watan dai, Maris 1906, sojojin mulkin mallaka suka ruguje garin Satiru kusa da Sakkwato. Daula ɗaya, wata ɗaya: can baƙar fata na sanye da farar rigarta ana tafa masa, nan tana harbin baƙaƙe. Duk lokacin da na haɗa kwanakin nan biyu sai tsikar jikina ta tashi.

19/ A ƙarshen shekarar 'yan Afirka ta Kudu suka zo rangadi. An ruwaito cewa da suka ga Peters a cikin 'yan Devon sun so su ƙi fitowa fili, sai da aka lallashe su. Da aka zo wasan Ingila da su a Disamba, ba a sa sunansa ba. Ya sake dawowa a 1907 da 1908. Jimilla wasa biyar ya yi wa Ingila.

20/ Na san a nan da yawa za su tsaya su yaɗa: "Turawa da wariyar launin fata." Gaskiya ne, an yi masa. Sai a 1988 wani baƙar fata ya sake buga wa Ingila, Chris Oti, ɗan asalin Nijeriya. Amma in kuka tsaya nan kun sauka kafin tasha, don wariyar ba ita ta fitar da shi daga wasan ba.

21/ A 1910 ya yi haɗari a wurin aiki, yatsu uku suka tafi. Ku yi tunani: kafinta, kuma mai kama ƙwallo da hannu. Sana'arsa biyu duk a yatsun nan suke. Duk da haka ya dawo fili ya ci gaba da bugawa.

22/ A 1912 hukumar ta dakatar da shi bisa laifin karɓar kuɗi, a daidai lokacin da take farautar kulob-kulob ɗin yankin da ke neman komawa wurin 'yan ɓallewa. Mutumin da ya cika musu fili da 'yan kallo shekara 10, ya sa rigar ƙasa sau biyar, ya rasa yatsu uku, laifinsa shi ne hannun nan mai guntun yatsu ya karɓi kuɗi.

23/ Sai ya tsallaka. A 1913, shekarunsa sun kai wajen 34, ya koma arewa ya buga wa Barrow a ɓangaren da ake biya, a 1914 ya koma St Helens. Bai daɗe ba, ƙarfi ya riga ya tafi. Ƙuruciyarsa kaf ya ba waɗanda suka ce kuɗi ƙazanta ne, sai ragowar ya kai wa masu biya. Ya rasu a 1954.

24/ Abin da nake so ku gani: dokar "wasa don so" waɗanda ba sa buƙatar kuɗin ne suka rubuta ta. Mai cin abinci sau uku ko ya buga ko bai buga ba, shi ke da bakin cewa kuɗi na ɓata wasa. Kuma fa hukumar ba ta taɓa cewa kuɗin ƙofa ƙazanta ne ba. Kuɗin sai ya nufi aljihun ɗan wasa yake zama najasa.

25/ Mu dawo gida. A kofin Honorabul waye ba a biya? Mai lasifika an biya shi. Mai hayar kujeru da rumfa an biya shi. Mai buga fosta, mai ɗaukar bidiyo, alƙalin wasa, makaɗa, yaran da ke yaɗa hotuna a Facebook da TikTok, kowa da rabonsa. Mutum 22 da jama'a suka taru dominsu, su ne kawai 'yan zumunci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

26/ Shi kuma mai kofin me ya samu? Taron da in kamfe ya kira sai ya yi hayar motoci kafin ya tara rabinsa. Hotonsa yana miƙa kofi. Sunan "mai kishin matasa." Wannan ciniki ne, kuma ba laifi ba ne a yi ciniki. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

27/ Wani zai ce ai al'adarmu ce, a yi abu don gari. Wace al'ada? Ko gayya ka kira, kai mai gona kai ke kawo fura da tuwo, kuma gobe in aka kira ta wani za ka ɗauki fartanyarka ka je. Yaushe Honorabul ya ɗauki fartanya ya je gonar Baffa?

28/ Ku dubi wasanninmu na gado. Ɗan dambe in ya yi kisa, a fili ake masa kari, kowa na gani. Shago da Ɗan Anace ya wa waƙa, wa ya taɓa cewa ya zubar da mutuncinsa don ya karɓi kyauta? A Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa, zakara ya tafi da takobi da kuɗinsa, har hukuma ke miƙa masa. Kakanninmu ba su ga abin kunya a biya mai ƙarfi ladan ƙarfinsa ba. Kunyar nan aro ce, daga makarantun 'ya'yan attajiran Ingila.

29/ Hujja ta biyu da ake kawowa ta fi ƙarfi, ba zan raina ta ba: in aka fara biya, mai kuɗi zai kwaso 'yan haya daga Gummi ko Gusau, yaran gari su koma benci. To amma fisabilillahi, yanzu ba a kwasowa? Kowa ya san fuskokin da ke bayyana ranar wasan ƙarshe da sunan "ɗan ƙanwar wane." Kuma su a bayan mota ake damƙa musu nasu. Ɗan gari ne kawai ake wa wa'azin zumunci.

30/ Su 'yan ɓallewar Ingila ma sun ji wannan tsoron. A 1898 da suka halatta biyan 'yan wasa, sai suka sa sharaɗin dole ɗan wasa ya kasance yana da sana'ar da yake yi a tsakiyar mako. Ba waliyyai ba ne, su ma 'yan kasuwa ne masu son cika fili. Amma sun nuna ana iya biya a fili kuma a sa ƙa'ida. Mu ma za mu iya cewa sai wanda mai unguwarsa ya shaida.

31/ Hujja ta uku ita ce ta fi ba ni haushi: "ku yi haƙuri, a haka manya suka fara, wata rana za a gan ku." Ahmed Musa a Jos ya taso, ya zo Kano Pillars, wuraren da masu neman 'yan wasa ke zuwa. Ku gaya mini tsakani da Allah, wane mai neman 'yan wasa ne zai biyo hanyar Gwashi a halin da hanyoyinmu ke ciki? Mu kanmu sai mun tambayi lafiyar hanya kafin mu fita.

32/ Kuma wannan ya ƙara wa maganar nauyi. Yankin da gonaki da yawa ba sa nomuwa saboda 'yan bindiga, yinin da mutum ya samu aiki ba abin wasa ba ne. Ɗayan aikin kuma rami ne, a ƙasar da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Da wannan wahalar yaro ke samo na tuwo, sai ka ce ya bar yini bakwai ko takwas ya buga maka kyauta, har da kwanakin atisaye.

33/ Kada a juya mini magana. Gasar da samari suka yi karo-karo suka sa wa kansu, ko wasan yamma a filin firamare, ba da su nake ba. Wannan kam don so ne, kuma in wani ya ji ciwo mu muke haɗa ɗari biyar-biyar. Da wanda ya liƙa hotonsa a fosta nake, ya kira 'yan jarida, ya saka hular jam'iyya a kan kofi.

34/ Abin da yaran suka nema ma bai kai a yi faɗa ba. Ranar da aka yi wasa a ba kowa abin da zai samu a ƙodagon yini. Kafin a busa usur na farko a ware kuɗin jinya a ajiye a hannun wanda gari ya yarda da shi, liman ko wani dattijo, ba yaron Honorabul ba. In an ƙare lafiya a mayar masa da abinsa. Sule shidan ke nan, bai ma kai kuɗin rumfa ba.

35/ Ga masu cewa na ɗauko labarin Turawa: Maro Itoje, wanda ya zama kyaftin ɗin Ingila a wannan wasan a 2025, iyayensa 'yan Nijeriya ne, kuma albashi yake karɓa a fili daga wasan da ya kori Peters don ya karɓi kuɗi. Martin Offiah, shi ma ɗan asalin Nijeriya, a 1992 Wigan ta saye shi fam 440,000. Wasan bai lalace ba. Masu cewa zai lalace ne suka mutu.

36/ Wanda ya ce "mayunwata," na san kana karantawa, kuma yayana ne kai a unguwa, ba zan zage ka ba. E, yunwa suke ji, Yaya. Kai albashinka na shigowa ko an yi wasa ko ba a yi ba. Ka zo zauren Baffa ka maimaita kalmar a gabansa, in ta fitu.

37/ Yaron yanzu yana tafiya, amma da ɗingishi, kuma ba ya iya tsayuwar ƙodago zuwa azahar. Cajin waya yake yi a bakin kasuwa da ƙaramin janareto na aro. Da na ce masa zan rubuta wannan, cewa ya yi kada in sa sunansa, wai kada a ce ya ɓata wa gari kofi. Har yanzu shi ke jin kunya.

38/ Ranar Juma'a bayan la'asar kwamiti zai zauna da kyaftin-kyaftin. Huɗu sun ce suna kan bakansu, biyu suna rawa don an yi musu alkawarin sabbin jesi. An riga an aiko mana cewa in muka matsa, Honorabul zai ɗauke kofinsa ya kai wani gari. Ya kai. Filin firamare na nan, muna da ƙwallo biyu, ɗaya ma faci kawai take so. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga motar gida, in hanya ta yi kyau.